Duktura Mahasin da Tsarabar da Ta Hana

Kafin motocin haya su cika titin Faisal da hon, Duktura Mahasin ta riga ta ɗage ƙofar kantin maganinta. Firij take fara leƙawa, ta tabbatar alluran masu ciwon suga ba su kwana cikin zafi ba, don wutar Alƙahira a shekarun nan ba ta da alƙawari. Sai ta zura farar riga a kan laffayarta, ta ɗora shayi, ta fito da kujera saboda tsofaffin unguwa masu zuwa awon jini su ɓige da hira.

Iyayenta Hausawan Sudan ne. A nan Masar ta yi karatun haɗa magunguna, a nan ta samu lasisi, a nan furfura ta same ta. Bana take ajiye aiki, gwiwa ta ce ya isa haka. Shi ya sa na ce bari a faɗi alherinta tun tana ji da kunnenta.

A Masar duk mai kantin magani Duktur ake ce masa, wasu kuma sunan ya hau musu kai. Ban da ita. Mura ce, ƙaiƙayi ne, ciwon kai ne, za ta ba ka magani har da wasa da dariya. Amma na zuciya, na ƙoda, ko masu sa barci, sai ka zo da rushetta, wato takardar likita. Takan ce, "Doka ta ba ni ikon bayarwa, ba ta ba ni ikon rubutawa ba. Khalas, magana ta ƙare."

Kun dai san halin ɗalibanmu. Hutu na matsowa, waya ta fara ƙara daga gida, kowa sai an taho masa da maganin Masar, wai ya fi ƙarfi. A hutun 2013 Ya'ƙub, wani ɗalibi ɗan Gusau da ke zaune a unguwar Darrasa, ya zo mata a rikice. Mahaifiyarsa Hajiya Hawwa ƙafafu sun kumbura, numfashi na sarƙe mata, ta kuma ƙi asibiti, ta ce maganin ɗanta take jira. Har sunan ƙwayar da maƙwabciyarta mai ciwon zuciya ke sha aka faɗa masa.

Mahasin ta ce, "Ɗana, wa ya duba ta?"

"Ai ciwonsu iri ɗaya ne, Duktura."

"Kai ka gani, ko a Darrasa an fara koya muku duba ƙafa ta waya?"

Masu jiran awo suka fashe da dariya, shi kuwa ransa ya ɓaci. Ya ce, "Kantin da ke gaba ko tambaya ba za su yi ba. Da wane ido zan kalle ta in na sauka hannu rabbana?"

Ta ce, "Ma'alish, yi haƙuri. Ƙafarka ce, ba zan ɗaure ta ba. Amma ni hannuna ba zai miƙa wannan ba. Kira min ita."

Ya kira mahaifiyar, ya miƙa mata wayar. Mahasin ta gaishe ta da Hausarta mai gaurayen Larabci, Hajiya ta yi ta dariya tana haki, ta ce, "Ke kuwa wace irin Hausa ce wannan?"

"Ta kakanninki ce da ta yi tafiyar ƙasa ta gaji. Hajiya, ina jin numfashinki daga nan. Ni ba likita ba ce, ban san me ke damunki ba, maƙwabciyarki ma ba ta sani ba. In kika jira jirgin yaron nan, ina tsoron ya iske gida cike da mutane. Gobe ki je a duba ki. Abin da likita ya rubuta, ni da kaina zan ƙulle miki."

Hajiya ta ce, "To, 'yar'uwa. Na ji."

Da aka duba ta a asibiti, ashe ƙoda ce ta yi rauni. Likitan ya ce da ta sha waccan ƙwaya, da ta ƙarasa abin da ya saura. Aka turo takardarsa, Mahasin ta haɗa maganin, Ya'ƙub ya karɓa kansa a sunkuye. Ita ko tada zancen ba ta yi ba, shayi ta zuba masa.

Ke ce mai sanin iyakarki, Mahasin. Ke ce kika gwammace a fita daga kantinki ana guna-guni, da a fita ana godiya a je a yi kuka. Mun gode, Allah ya huta gajiya, ya ba gwiwar nan sauƙi.

Ku kuma yaran da za ku gaji wannan aiki, ku koyi cewa "ba hurumina ba ne" ba tare da jin kunya ba. Masu ƙullo magani a jaka saboda kiran waya, ku fara tura mara lafiya wurin mai duba shi. Hajiya Hawwa dai tana nan da ranta a Gusau. Bana matar Ya'ƙub ta haihu, ita ce ta tsuguna ta yi wa jikanta wankan farko.