Idon da Bai Ga Mijina Ba

Ku matso kusa, ku bar surutu, ku ba ni kunnuwanku.

A shekarun da citta ta yi daraja a Kafanchan, mijina yana gadin rana a ɗakin ajiyar cittar wani ɗan kasuwa, bayan tashar jirgin ƙasa. Da can maharbi ne. Daji ya koya masa zama: tun safe har rana ta karkata, ko ƙuda ba ya kora.

Ɗanmu na fari, wanda muka sayar da awaki muka kai makaranta, ya dawo ya kama aiki wurin ɗan kasuwan nan. Maigidan ya sayo wani ƙaramin ido na roba, wai yana jin ɗumin jikin mutum, amma kwamfutarsa ba ta jin yaren idon. Ɗana ne ya zauna mako uku yana koya mata. Da ya gama, ya kafa idon a saman bencin ubansa.

Ran Juma'a inji ya fitar da takarda: kwana huɗu babu kowa a ƙofa.

Aka kira mijina a gaban masu ɗaukar buhu.

Maigidan ya ce, "Tsoho, ina kake zuwa? Gidan burkutu?"

"Ranka ya daɗe, ina nan zaune."

"To, tashi ka yi wa idon rawa mu gani."

Ya tashi, da furfurarsa, ya ɗaga hannuwa ya juya. Jar fitilar idon ta kama. Aka fashe da dariya.

"Yauwa, yau kam ka zo aiki! Tambayi ɗanka sauran kwanakin."

Ɗana bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Baba, inji ba ya ƙarya."

Aka karɓe sandar gadin.

Bayan kwana biyu ɗana ya same ni ina daka, ya tsuguna. "Mama, na gano. Idon ba ya ganin mutum sai ya motsa."

"Je ka faɗa."

"In na faɗa, ni za a kora."

Na ci gaba da daka. Bai faɗa ba, ni ma ban faɗa ba, don shi ke ciyar da mu.

Maigidan ya koma Kagarko da idonsa. Ɗana yana Kaduna, babban mutum, kowace Kirsimeti yana aiko mini zane, ina shanya citta a kai. Mijina ya rasu a zaune a ƙofar gida wata Lahadi. Mun dawo daga sujada, mun wuce shi har sau uku kafin mu lura.