Babu Sifana Mai Biyu Bisa Uku

Shekara ashirin da bakwai Baba ya yi yana gyaran motocin wani kamfanin sufuri. Kallo ɗaya yake yi wa noti, hannunsa ya ɗauko sifanar da ta dace. Sai ga sabon manaja da sabuwar doka: kowane bakanike ya rubuta jarrabawar lissafi, wanda ya faɗi ya ajiye aiki. Baba kuwa a aji uku ya bar makaranta.

Ni ce 'yarsa ta fari, kuma malamar firamare, don haka a kaina abin ya sauka. Na rubuta masa tara bisa sha shida da biyar bisa takwas, na ce wanne ya fi girma.

"Tara ta fi biyar mana," in ji shi.

Ga shi saura kwana shida jarrabawa.

Na yi bayani har muryata ta dishe, shi kuwa sai share gumi yake yi da tsumman mai. Haushi ya ishe ni, na bi shi gareji, na tsaya gaban allon da yake rataye kayan aikinsa.

"Baba, me ya sa kullum kake rataye sifana mai biyar bisa takwas bayan mai tara bisa sha shida?"

"Bakinta ya fi faɗi. Taki ɗaya ne tsakaninsu."

"To ai biyar bisa takwas ita ce goma bisa sha shida. Ka fara daidaita lambar ƙasa, sannan ka duba ta sama."

Ya daɗe yana kallon allon.

Ranar jarrabawa ina bakin ƙofa, na kasa zama. Ya fito fuska a murtuke.

"Mugayen nan! Biyu bisa uku suka kawo, da uku bisa huɗu, da biyar bisa shida, wai a jera. Ina aka taɓa yin sifana mai biyu bisa uku?"

"Sai ka yi yaya?"

"Sha shida ta ƙi, na nemo wadda duk za su shiga. Duba min, ban yarda da kaina ba."

Ya buɗe tafin hannunsa mai kanta. Bayan ya miƙa takarda ne ya kwafo amsar da biro: takwas, tara, goma, ƙarƙashin kowace sha biyu. Amsar daidai ce, na riƙe hannun, hawaye suka zubo min.

Da aka liƙa sakamako, sunansa ne na ƙarshe cikin waɗanda suka ci. Ya sa na karanta masa sau biyu, sannan ya ɗauki tsummansa ya shige ƙarƙashin mota.