Ranar da muka shiga hoto

A shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu aka rage ma'aikata a wurin aikin maigidana, shi ma aka sallame shi. Injiniyan hanya ne. Wata biyar yana zaune a gidanmu na unguwar Erdington a Birmingham yana cike takardun neman aiki, sai wani kamfani a Kaduna ya neme shi, aka ce ya ba da amsa ranar Litinin. Ni na riga na faɗi tawa: ina da aikina a asibiti, yaranmu biyu suna tsakiyar karatu, ba inda za mu. Saura shi, ko ya zauna da mu ko ya tafi shi kaɗai.

Mutumin da ake jiran amsarsa sai ya wayi gari ranar Alhamis ya ce mu shirya, za mu Scotland ɗaukar hoton duwatsu. Zaman gida ne ya koya masa wannan sana'a. Shi da aka haifa a gindin dutsen Kwatarkwashi, bai taɓa ɗaga kai ya dube shi ba, sai da ya zo Turai ya gano dutse abin kallo ne.

Muka biya ta Manchester, ya ari ƙarfen nan mai ƙafa uku da ake ɗora kyamara a kai, daga wurin wani abokinsa mai karatu a unguwar Fallowfield. Matar abokin ta cika mana roba da dambun nama, tana kallona kamar wadda za a kai kurkuku.

Ƙasar tana da kyau, ba zan yi mata ƙarya ba. Akwai inda teku ya kutso tsakanin duwatsu ya kwanta shiru, akwai ruwa mai zubowa daga sama fari fat. Sai dai maigidan yana da doka ɗaya: mutum ba ya shiga hotonsa. Da yaro ya gitta sai ka ji, “Ku matsa, kuna ɓata min aiki.” Haka muka yi kwana biyu a bayansa, cikin yayyafi, wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari suna cin fuskokinmu, shi kuma yana jiran gajimare ya gusa. Har tumaki sun samu shiga, mu ba mu samu ba.

Sau biyu ina tayar da maganar Kaduna. A mota na ce, “Baban yara, Litinin fa ta kusa.”

“Na sani,” ya ce. “Bari hasken nan kada ya wuce ni.”

Ya tsayar da mota ya fita. Raina ya ɓaci ƙwarai, na zauna ina cin dambu ba don yunwa ba.

Ranar Lahadi da hantsi muka tsaya a bakin ruwa na ƙarshe da zai ɗauka, kafin mu kamo hanyar gida. Ya kafa ƙarfensa, ya daɗe yana leƙe. Mu kuwa mun koma gefe tun ba a kore mu ba. Sai ya ɗago ya ce, “Ku zo ku tsaya nan gaba.”

'Yarmu ta tambaye shi da Turancinta na Birmingham ko lafiyarsa ƙalau. Ƙanenta ya ruga ya tsaya yana gyara hula. Na bi su a hankali.

Na ce, “Ai kyamarar tana ɗauka da kanta. Saita ta ka shigo mana.”

“A'a,” ya ce, bai dube ni ba. “Ku nake so.”

Nan na samu amsar da kamfanin Kaduna zai samu washegari. Wanda zai zauna da mu ba ya bukatar hotonmu. Na ji haushinsa, don ya ja mu tafiyar kwana uku maimakon ya buɗe baki a falo. Na kuma ji tausayinsa, don na ga yana ta gyara kyamarar, ya kasa haɗa ido da mu.

“Ki ɗan yi murmushi,” ya ce.

Na yi, saboda yaran suna kallona. Ya ɗauka ya fi sau goma, yana ta matsowa da ƙarfen kusa da mu, har ruwan ya fita daga hoton gaba ɗaya.