Ranar da na cusa wa Kaka waya a fuska

Ko na tsufa har haƙorana sun ƙare, ba zan manta da wautar da na tafka ina ɗan shekara goma sha huɗu ba. Na tara matan unguwa kaf, na cusa wa kakata waya a fuska, ina jiran a tafa mini.

Lokacin babana ya shekara bakwai a Abijan yana kasuwanci, ni kuma ina lekol, wato makaranta, a Tawa. Kaka, mahaifiyarsa, tana ƙauyenmu kusa da Bambeye tare da mamata. Idonta na hagu ya riga ya mutu, likita kuma ya ce na dama ma yana bin sawu. Da Baba ya ji haka, ya kuma ji sababbin wayoyi sun fito har na bara sun yi araha, sai ya aiko a sayi wadda ake ganin mutum a ciki.

Ni aka tura kasuwa. Idona ya faɗa kan wata mai kyamara huɗu a baya kamar gizo-gizo. Da mai butik ya faɗi kuɗinta sai da na dafa bango. Ya yi dariya, ya miƙo mini wata matsakaiciya, ba ta manya ba, ba ta yara ba.

"Wagga, bara ko kallonta ba ka iya yi," in ji shi. "Hoto tas, batiri kamar raƙumi."

Na karɓa ina tura baki. Amma kafin motar ƙauye ta cika, na ɗauki kaina hoto ya fi sau dubu.

Ina isa gida na bi ƙofa ƙofa ina shela: yau bayan la'asar za a ga mutumin Abijan! Mata suka cika tsakar gidanmu, wasu da ludayi a hannu. Na hau kan turmi don in kamo rezo, wato sabis ɗin waya, na kira. Sai ga Baba, baki har kunne. Aka ɗauki guɗa. Na diro, na nufi Kaka, na kai mata wayar har hanci.

"Tsohuwa, ga ɗanki! Dibi shi da kyau!"

Kaka ta ja lulluɓi, ta juya fuska ga bango.

"Inna, ina wuni?" in ji Baba.

"Lahiya," ta ce wa ƙasa. Ta tashi ta shige ɗaki.

Na ga murmushin Baba ya sauka a hankali. Ya tambaye ni ko jikin ne. Da mata suka watse, Mama ta kama kunnena ta murɗa har na ji rezo ya shiga kaina.

"Kai wane irin sakarai ne? Tun da aka haife ka, ka taɓa jin ta kama sunanshi? Ɗan fari ne! Gaban mutane kake so ta tsaya tana kallonshi?"

Sai a lokacin na tuna. A wajenmu uwa tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta nuna ɗokinsa a idon jama'a. Kaka "wancan" take ce masa. Na sani sarai, zumuɗin waya ne ya share mini kai. Gobe kuma zan koma Tawa da wayar, don a hannuna Baba ya ce ta zauna, ba kuma zan dawo ba sai bakans, babban hutun makaranta. Wa ya san abin da zai rage na idon kafin nan?

Washegari da hantsi ina ɗaure kaya sai ga Kaka da sandarta.

"Kai, mijin banza, zo ka raka ni in ɗebo ganye."

"Amaryata, mota za ta bar ni."

"Ta bar ka. Taho."

Muka bi bayan rumbuna, muka wuce ganyen ba ta ko sunkuya ba, har kan tudun duwatsu inda samari ke zuwa neman rezo. Ashe tsohuwar da ba ta gani ta san wurin! Ta zauna, ta gyara zani.

"Abin ga naka, shina aiki nan?"

Na kira. Ta karɓe wayar da hannu biyu, ta ce in ba ta baya. Na juya, amma wuyana ya ƙi. Ta manna wayar a idonta na dama, kusa ƙwarai, na tabbata Baba bai ga komai ba sai hanci da gira. Ta daɗe tana kallonsa. Da ta buɗe baki, da ni ta yi magana.

"Hwaɗa ma wancan ya rame. Ba su da hatsi can?"

"Baba, an ce ka rame."

"Na jiya," in ji Baba, yana dariya.

"Kuma mi ya kai mashi hurhura ga gemu? Ni ban ba shi izini ba."

Dariyar Baba ta karye a tsakiya. Na ji yana jan hanci. Kaka ta sa babban yatsa ta share masa fuska a kan wayar, nan take kiran ya katse. Ta zabura.

"Na kashe shi?"

Na sake kira. Haka muka zauna har rana ta take, ina tafinta tsakanin mutum biyu da ke jin juna sarai. Mota ta tafi ta bar ni, batiri kuwa ko gezau.

Ranar na gane ba kowace ƙauna ke son 'yan kallo ba, na kuma daina raina wayar da na saya ina tura baki.

Baba bai samu dawowa ba sai bara. Kaka tana nan da ranta, tana zagina kullum, amma idon ya rufe tun daminar da ta biyo bayan ranar nan. Ganin ƙarshe da ta yi wa ɗanta, a kan tudun nan ne.