Likkafanin Kaka a Ɗakin Ƙasa

A gidanmu na unguwar Anbariyya, a birnin Manzon Allah, kakata tana da doka guda da ko babana bai isa ya taka ba: ba a zuba ruwan zafi a rariya. Ta ce akwai masu zama a ciki, su ma da 'ya'yansu, ba za a ƙona mata maƙwabta ba. Ni kuwa haushi dokar take ba ni, don ni ke wanke-wanke.

Da Babbar Sallah muke gane kurenmu. Maƙwabtanmu Larabawa firji suke zuba namansu, mu kuwa sai mun soye na layya kaf, yadda aka saba tun a gida ƙasar Hausa. Tukwane su yi kitse, in wanke da ruwan sanyi ina ƙunƙuni, kitsen ya bi bututu ya daskare abinsa.

Wata shekara, ana gama bikin Sallah, na sauka badrum, ɗakin ƙasa da muke ajiye kaya, sai wari ya tare ni a matakala. Baƙin ruwa ne yake ɓulɓulowa daga ramin tsakiyar ɗakin, har ya kai idon sawu. Ban damu da katifu ba. Akwatin ƙarfen Kaka na hango a lungu, ruwa ya ci rabinsa. Likkafaninta ne a ciki. Ta jiƙa shi da Zamzam a hajjin da suka yi na ƙarshe da marigayi kakana, kuma ba ta da burin da ya wuce a kai ta maƙabartar Baƙi'a a cikinsa.

Babana ya kira sabbak, mai gyaran famfo, wani Bahaushen Chadi. Ya zura doguwar waya yana murzawa, can ya jawo farin kitse mai siffar bututun, kauri kamar damtsena. Na saki baki ina kallo. Ashe duk ragunan da muka ci suna nan ƙarƙashinmu.

Kafin ruwan ya janye sai ga Kaka a matakala, ta ɗage zani, tana dafa bango. Matar da sai an riƙe ta take shiga mota, ta taka ƙazantar nan, ta kama hannun akwatin. Muka ɗauko shi tare.

Ruwa ya shiga. Ƙyallen da ke ƙasa ya yi rawaya-rawaya. Na ji kamar in yi kuka, ga kuma wata magana game da dokarta tana cin bakina, amma na haɗiye.

Babana ya ce, "Halas, shi ke nan ya Ummi, yau zan shiga kasuwa in sayo sabo. Zamzam kuma ga shi nan a Harami."

Ta ce, "Wanda ya riƙe mini ɗaya gefen muna matsewa, shi ma a kasuwar za ka samo shi?"



Ita ta wanke da hannunta, ta hana ni taɓawa. Ta cuɗa, ta ɗauraye, ta sake. Da la'asar muka hau saman bene, ta shanya shi a igiya tsakanin rigunanmu da tawul. Ban taɓa ganin likkafani a buɗe ba. Iska tana kaɗa shi, mai shi tana tsaye a gabansa tana gyara masa zama kamar zanin gado. Tsigar jikina ta tashi, tsoro da girmanta suka kama ni lokaci guda.

Duk wankin nan, tabo guda ya ƙi fita. Na nuna mata a hankali. Ta kawo shi daf da ido, ta shafa da yatsa.

Ta ce, "Ya tsarkaka, 'yar nan. Bar shi. Wanda zan je wurinsa ya san inda na samo shi."