Sunan da 'Yata Ba Ta Taɓa Kira Ba

Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Nas ɗin da ke haya a gidana a Gyaɗi-Gyaɗi ce ke rubuta wannan, ni ina faɗa. In kuka ya ci ƙarfina sai ta ajiye biro ta jira ni.

Jikana ne ya rasu, ɗan farin 'yata, yana da shekara tara. Ciwon daji ne na jini.

A ƙauyenmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta rungumarsa a gaban mutane. Haka na taso, haka na koya wa 'yata. Ranar suna na ja ta gefe na ce, "Kar in ji sunan nan a bakinki." Da aka yaye shi na ɗauko shi daga gidansu na Daurawa, ya zama nawa, tunda mijina ya rasu ni kaɗai ce. Ita "yaron nan" take cewa. Ni kuma in ban kira sunansa ba, Maigida nake ce masa, irin wasan kaka da jika.

A babban asibiti, da maganin da ake ɗaura masa ya zubar masa da gashi, na ce, "Maigida, wa ya yi maka aski ban sani ba?"

Ya ce, "Ke tsohuwa, cire ɗankwalinki mu ga naki."

Duk ɗakin aka yi dariya. Uwarsa tana bakin ƙofa da kwanon abinci. Ita ke dafawa, ita ke wanke masa kaya, amma ni ke zama a bakin gado. Ranar da ya cika, kansa na kan cinyata. Sai daga baya na lura tana riƙe da ƙafarsa ta ƙarƙashin bargo, inda ba mai gani.

A zaman makoki na yi kuka har muryata ta dishe, mata suna riƙe ni. Ita tana zuba wa baƙi ruwa. Suna cewa, "Kai, 'yar nan akwai tawakkali." Na ji daɗin yabon, Allah ya yafe mini.

Bayan arba'in ta daina cin abinci, maganarta ta ragu. Takan ɗora tukunya ta zauna tana kallonta har ta ƙone. Mijinta direban babbar mota ne, ba ya kwana biyu a gida, sai ya kawo mini ita. An yi addu'a, an ba ta rubutu ta sha. Kullum ƙara ramewa take.

Wata rana nas ta ce, "Inna, akwai wani ɗaki a asibiti. Duk Laraba iyayen da suka rasa yara suna zama da wata likita. Magana kawai ake yi."

Na ce, "'Yata ba ta duka ba ta jifa. Me zai kai ta wurin likitan mahaukata?"

Ta ce, "Ba na mahaukata ba ne. Inna, ke kin yi kukanki. Ita fa?"

Wata biyu ina juya maganar nan kafin na tare mana adaidaita.

Kujeru ne a zagaye, mata shida, maza biyu. Likitar ta ce kowa ya faɗi sunan ɗansa, da abu ɗaya da yake tunawa. Wani magidanci daga Unguwar Gano ya faɗi sunan 'yarsa, ya rufe fuska da hula. Aka zo kan 'yata. Ta ɗago ta dube ni. Na buɗe baki zan faɗi sunan a madadinta, likitar ta ɗaga hannu.

"Inna, ƙyale ta."

Na kama hannun 'yata na ce, "Faɗi. Ni na hana ki, na janye. Faɗi mana."

Leɓenta ya motsa. Ta dubi ƙasa ta ce, "Yaron nan… yana son gurasa." Daga nan ba ta ƙara ba. Likitar ta ce ya isa na yau.

Laraba huɗu ke nan muna zuwa. Tana shan kunu kaɗan in na zauna kusa da ita. Na gwada ambaton sunansa ina shara don ta ji ba komai, sai ta tashi ta shige ɗaki. Likitar ta ce kar in matsa mata. To me zan yi? Kalma ɗaya na faɗa ranar suna ta kama, yanzu na faɗi ɗari ba ta saki ba.

Nas ta tambaye ni ko ta rubuta sunansa a nan. Na ce ta bar wurin. Ni na kira shi har ya gaji da ni. Uwarsa ce ta rage, kuma ban sani ba ko ina raye za ta kira.