Katangar Kekuna a Titin Makera

Daga Bakori

Ana idar da sallar asuba na fito, Malam ya riƙo mini ƙullin kayana har tasha. Duk hanya magana ɗaya yake nanatawa, wai kada in kuskura in dawo ba tare da yarinyar ba. Yarinyar ita ce Ummi, jikata kuma takwarata, 'yar wajen 'yata Rabi da ke aure a Makera, can Kaduna bayan an haye kogi. Labari ya iso mana cewa tifa ta buge wata 'yar ajinsu a hanyar makaranta, ko shurawa ba ta yi ba. Tun ranar ban ƙara barcin kirki ba. Na ce tsakanin boko da rai na zaɓi rai, zan ɗauko ta ta zauna a gabana ko da uwarta za ta yi kuka.

Fijo muka samu, aka matse ni da wata mai buhun kuɓewa busasshiya. Direban mai ƙafar gudu ne. Na ce masa sauri kan haifi nawa, ya yi dariya ya ce Hajiya ba ta san mota ba. A shingen sojoji kafin Zariya wani soja ya leƙo ya ga kwanon man shanu a cinyata. Da na ce tsarabar jika ce, sai ya ce mu wuce, a gaishe ta.

Kawo zuwa bayan gada

Da hantsi muka sauka a Kawo, na shiga bas ɗin Kakuri. A kan gada muka yi zaman da ya fi na Funtuwa zuwa Zariya tsawo. Motoci sun cushe, kowa na danna ham, ɗan yalo fiba mai ba da hannu guda ɗaya a mahaɗa yana hura usur har jijiyar wuyansa ta tashi, babu mai kula shi. Na tausaya masa ƙwarai.

Da na sauka a Makera sai na yi abin da na saba a gida. Na ɗaga hannu, na yi bisimilla, na sa ƙafa a titi. A Bakori haka nake yi, don babu direban da ban san uwarsa ba. Sai ƙarar birki na ji, wata mai gasa masara ta fizgo mayafina ta baya.

"Mama, nan Kaduna ne o," ta ce. "Mota ba ta san tsohuwa ba."

Ita ta bar masararta a wuta ta tsallakar da ni. A raina cewa nake, to ga hujja ta samu.

Kwana a Makera

Gidan haya ne mai ɗakuna a jere, famfo ɗaya a tsakar gida. Ummi ta ruga ta ƙanƙame ni tana tsokanata wai na tsufa. Da yamma wata maƙwabciya ta aiko mini da gwaten acca mai zafi. Rabi ta raɗa mini cewa ita ce uwar Rifkatu, yarinyar da ta rasu, mutanen Filato ne.

Bayan magariba na faɗi abin da ya kawo ni. Rabi ba ta musa mini ba, ta janyo akwati tana ninke kayan Ummi, hawaye na ɗiga a kansu. Mijinta, ma'aikacin masaka ne, ya sunkuyar da kai ya roƙi abu guda, in bari yarinyar ta je makaranta da safe ta yi sallama da ƙawayenta. Na yarda, amma na ce ƙafata ƙafarta.

Bakin titi

Jiniyar masaka ce ta tashe mu. Da muka isa titi, yara sun taru a gefe cikin kayan makaranta, babu wanda ya motsa. Na kama hannun Ummi zan nemi sarari, sai ta riƙe ni gam ta ce, "Kaka, ba a tsallaka sai Baba Bitrus ya buga."

Can sai ga 'yan aikin dare sun taso, idanu jajur, ƙurar auduga a gashinsu. Maimakon su wuce gida, sai suka sauka daga kekunansu. Wani dattijo siriri ya kaɗa ƙararrawar kekensa, sauran suka amsa da nasu. Suka tura kekunan cikin titi a hankali, suka jera su taya na taɓa taya, layi biyu, suka bar lungu a tsakiya. Bas ta tsaya, tanka ta tsaya, har wani mai Marsandi ya kashe injinsa. Yaran suka bi ta lungun suna gaida su. Rabi da ta rako mu ta ce wasu cikin masu kekunan Romi za su, wasu Narayi, amma kullum sai sun jira an yi wannan. Dattijon shi ne Baba Bitrus, uban Rifkatu, kuma shi ya fara tsayawa shi kaɗai da kekensa, sati guda bayan an binne ta.

Da aka janye kekunan na je na yi masa gaisuwa. Na kasa ɓoye masa, na ce na zo tafiya da Ummi ne. Ya daɗe yana murza kan ƙararrawar da babban yatsansa.

"Ba ki yi laifi ba, Hajiya. Da na sani, ni ma da na kai tawa ƙauye," ya ce. "Sai dai benci ɗaya suke zama da Rifkatu. In na ga Ummi ta haye, shi ne nake iya barci in na koma gida."

Na juya na hango Ummi a ƙofar makaranta tana ɗago mana hannu, ban san ko ni take wa ko shi ba. Na share idona da mayafi, ina jin ƙaunar bawan Allahn nan kamar ɗan uwana na jini.

Da muka koma gida ni da kaina na buɗe akwatin na zazzage kayan a kan gado. Man shanun kuwa na raba shi biyu, na kai wa uwar Rifkatu rabi.

Komawa

Washegari sai da na jira ƙararrawa kafin in haye in hau bas, Baba Bitrus yana dariya wai Hajiya ta zama 'yar makaranta. Goslo ya sake riƙe mu a gada, ban yi mita ba. Da la'asar sakaliya na sauka a Bakori.

Malam na zaune a ƙofar gida, ya leƙa bayana, ya sake leƙawa. Ya ce ina yarinyar. Na ce masa ni kaɗai zan tsare ta a nan, ni ɗin da mai masara ta fizgo daga gaban mota, a can kuwa akwai uban da ba ya kwanciya sai ta haye.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Allah ya saka wa mai masara da 'yan kekuna, ya ba Baba Bitrus barci mai daɗi kowace safiya.